Butar Iro a Dutsen Kwaɗi

Tun da na dawo daga Kamaru ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a Safana ba. Da na zauna wajen mai shayin bakin tasha sai wani ya matso da benci ya ce, "Sarkin Kwaɗi, wai da gaske ne har fasfo kuka yi don ku je ku gaida kwaɗo?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kullum sai an sami wanda ya zo a tsakiya ya ce a koma farko. To ga shi na rubuta. Duk wanda ya sake tambayata zan miƙa masa, in ci gaba da shan shayina.

Ni malamin dabbobi ne a sashen gona. Allurar shanu da ɗura wa awaki magani na sani. Kwaɗo kuwa, ban da hana ni barci da damina, babu abin da ya taɓa haɗa mu. Sai wata damina aka turo mana baƙuwa daga jami'a, Dakta Saratu, 'yar wajen Jos, aka ce in raka ta tafkunan Zakka da Karare, tunda na san hanya, na kuma san inda ake zuwa da inda ba a zuwa a wannan zamani. Gajeriyar mace ce marar yawan magana. Ina kallo ta shiga taɓo har gwiwa, ta kama kwaɗo da safar hannu kamar mai karɓar jariri, ta goga masa tsinken auduga a ciki da tsakanin yatsu, ta mayar da shi daidai inda ta kama shi. Na kasa haƙuri na tambaye ta abin da take nema.

"Malam Lawal, ka san ƙyasbi?" ta ce. "Akwai cuta irinsa da ke kama fatar kwaɗo. Mu ƙaiƙayi kawai yake sa mu. Shi kuwa kwaɗo da fata yake shan ruwa, da ita yake numfashi. In ta yi kauri, sai zuciyarsa ta tsaya."

Ta ce a wasu ƙasashe cutar ta shafe irin kwaɗi ɗungurungum, kuma a ruwa take tafiya, ko a ɗanyen taɓon da ya manne a takalmi. Zafin ƙasarmu yana karya mata lago, amma a duwatsu masu sanyi ɓarna take yi. Na ce to in kwaɗi sun ƙare, mene ne asararmu? Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ƙwarin da suke ci a gonakinmu ba za su ƙare tare da su ba.

Kafin ta tafi ta gaya mini damuwarta. A wani dutse bayan Banyo, can cikin Kamaru, akwai ƙorama a ƙololuwa da wasu ƙananan kwaɗi da ba a taɓa samun irinsu a ko'ina ba. Cutar ta riga ta cinye gindin dutsen. Ƙoramar sama ce kaɗai ta rage, kuma tun tana ɗaliba take gadinta. Tana neman wanda ya san shanu, yake jin Fulatanci, ya taya ta tsara mashaya da makiyayan wurin. Mahaifiyata Bafulatana ce, don haka magana ta faɗo kaina. Da ta ce tana kuma neman mota da direba mai juriya, sai na kawo mata Iro.

Iro taubashina ne, mutumin Karare, ya girme ni, kuma ya tsufa a kan a-kori-kura tsakanin kasuwannin Batsari da Jibiya. Da ya ji aikin sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Kai Lawal, duk karatun nan da ta yi a kwaɗo ya ƙare? Da ta zo mani, ai da na tara mata buhu guda kyauta."

Amma ya yarda. Ya wanke mota, ya rataya butarsa a bayan kujera. Dole in faɗi wani abu game da butar nan. Koriya ce ta roba, an ɗaure mariƙinta da waya, kuma Iro ba ya bari ta zama wofi. Direban da mota ta taɓa lalace masa a dajin Batsari da bazara ba ya wuce ruwa da buta ba komai. Ko kududdufi ya gani, in ruwan ya kwanta, sai ya tsuguna ya cika ta. Duk mun san shi da wannan, har ba ma gani.

Muka tashi bayan asuba ta Dutsin-ma, muka ɗauki Dakta a Kano da akwatunanta. Daga nan har Jalingo ba ni da abin faɗa sai ramuka da shingayen bincike. A kowane shinge Iro sai ya leƙa ya ce, "Likitar kwaɗi ce muka ɗauko," sai su yi dariya su ɗaga mana hannu. Dakta ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba. Ta ce wannan ne karon farko da sana'arta ta sauƙaƙa mata hanya.

Bayan Serti muka fara hawan Mambila. Ni da nake ganin duwatsun Safana a matsayin duwatsu, ranar na nemi gafararsu. Hanya tana nannaɗewa, ta dama dutse, ta hagu rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Iro, wanda bakinsa bai huta ba tun Dutsin-ma, ya yi tsit, sai salati yake ja ƙasa-ƙasa. Na ce masa, "Direba, ko in karɓe ka?" Bai ko kalle ni ba. Da muka kai sama ya tsaya, ya fito, ya sumbaci goshin motarsa.

A Gembu muka sauka gidan wata tsohuwa da Dakta ta saba kwana wurinta. Sanyi kuwa, Allah ya kiyaye! Tsakiyar damina ce amma har da murhun gawayi a ɗaki. Aka kawo tuwon masara da wani ganye baƙi-baƙi da aka soya da manja, sai fiya yanka-yanka a gefe. A wurinsu fiya kamar yadda muke da gyaɗa ce, yara ma jifa suke da ita. Iro ya tambayi tsohuwar ko akwai kuka. Ta ce akwai wadda wani Bakano ya bari bara, ta ɗauko ta a ƙulle kamar magani. Ya ce a bar ta, ba zai cinye wa gari tarihinsu ba.

Daga nan mota ba ta da sauran amfani. Aka ce Iro ya zauna ya jira mu, ya ce wallahi bai baro Karare ya zo nan don ya yi gadin taya ba. Muka hau babura muka nufi iyaka, akwatuna a ɗaure a baya, butar Iro tana lilo a kafaɗarsa. A iyaka wani jandarma ya sa aka buɗe akwatunan. Ya ga tsinkayen auduga cunkus, ya yi ta zuba Faransanci. Iro ya ɗauka in ka ɗaga murya kowa zai ji Hausa, sai ya shiga yi masa ihu, "Na kwaɗo ne! Kwaɗo!" yana tsalle a tsugune don ya gane. Jandarma ya ja baya ya dafa ɗamararsa. Na yi ta maza na gaishe shi da Fulatanci, sai ga shi ya amsa, ashe ɗan Banyo ne. Abin da ya ba ni mamaki, da ya duba takardar Dakta sai fuskarsa ta sake. Ya ce ƙanwarsa ta yi karatu a hannun wani da wannan matar ta koyar. Da kansa ya taya mu rufe akwatunan.

Wannan ya zama abin da na yi ta gani a can. A gida muna yi mata kallon mai wasa da taɓo. A Banyo kuwa, inda muka karya da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, samari biyu masu binciken dabbobin dawa suka taso daga nesa don kawai su nuna mata hotunan kwaɗin da suka kama. Ɗaya ya gaya mini cewa kafin aikinta, mutane na cewa sauyin yanayi ne kawai ke kashe kwaɗin duwatsun nan. Ita ce ta bi ƙorama bayan ƙorama, damina bayan damina, har ta nuna cutar tana hawa ne ta inda ƙafar mutum da kofaton saniya suke bi. Yanzu duk mai shiga dazuzzukan yankin da sunan bincike, tsarinta na wanke kaya yake bi. Tana zaune tana jin wannan yabo, sai ta tambaye shi ko ya gyara injin sanyin da ya lalace masa.

A gindin dutsen muka sauka rugar wani Arɗo, dattijo mai jajayen shanu masu ƙaho kamar an miƙe hannu biyu sama. Fulatancinsu ya ɗan sha bamban da na kakannina, amma mun fahimci juna. Aka kawo kindirmo mai kauri, aka shimfiɗa mana buzu. Arɗo ya ce da Dakta ta fara zuwa ta roƙe shi ya hana shanunsa shan ruwan ƙoramar sama, ya ɗauka taɓin hankali gare ta.

"Ba ta kawo mini soja ba, ba ta kawo takarda ba," in ji shi. "Zuwa take ta zauna da matana, ta sha nono, ta tafi. Ta dawo, ta sha nono, ta tafi. Wata rana ta kai ni ƙoramar ƙasa da yamma ta ce, Baffa, saurara. Na saurara. Ban ji komai ba. A nan na girma, da ba ka jin kiran ɗan'uwanka saboda kukan kwaɗi. Ni da 'ya'yana muka kafa shingen nan."

Washegari da safe muka yi aiki a ƙoramar ƙasa. Ruwa garai-garai, kamar ka sha ka ƙara. Amma a kan duwatsun bakin ruwan ga kwaɗi nan a zaune da rana tsaka, ba su gudu in ka matso. Na juya wani da yatsa, ya kasa komawa daidai. Fatarsa na saɓulewa. Ni da na sha ganin saniya ta faɗi ban ji komai ba, ranar zuciyata ta karye a kan abin da bai kai tafin hannuna ba. Iro ma ya daina ba'a, ya koma gefe yana zagaye.

Da hantsi ya ɗaga muka kama hawa. A bakin shingen Arɗo akwai babbar roba da ruwan magani mai warin bilic. Dakta ta ba ni buroshi ta ce yau ni ne mai ƙofa, kada wani abu da ya taɓa ruwan ƙasa ya wuce ban wanke ba.

"Ruwa ba ya hawa dutse, Malam Lawal," ta ce. "Sai in mutum ya ɗauke shi."

Na zage. Na wanke takalman ruwa, na wanke koma da bokitai, na wanke ƙasan akwatuna. Na ƙwace sandar Iro na dirje ta, na sa ya tuɓe silifas ɗin da ya soke a aljihu. Yana tsaye yana zagina, butarsa na rataye a kafaɗa, a gaban idona. Ban gan ta ba. A idon Bahaushe buta ba kaya ba ce, kamar hula take ko carbi. Dakta kuwa ta riga ta yi gaba.

Ƙoramar sama 'yar ƙarama ce, cikin kurmi mai duhu, yaro ma zai tsallake ta. Dakta ta ɗaga wani ganye ta nuna mana mai gidan: ɗan kwaɗo bai fi kan babban yatsa ba, ruwan ƙasa-ƙasa, da jan ciki. Ta ce da yamma in suka fara kuka, kamar ana kaɗa ƙananan cokula ne. Fuskarta a lokacin kamar uwar da ke nuna ɗanta da ya fara tafiya. Muka duƙufa aiki, ina riƙe kwalabe tana goge-goge, har rana ta karkata.

Ƙarar zubar ruwa ce ta sa ta ɗago. Iro na tsugune a kan wani falalen dutse da ya gangaro zuwa ƙoramar, ya fara alwalar azahar. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ruwan na bin dutsen yana sauka.

"Malam Iro," ta ce, muryarta a kwance, "a ina ka cika butar nan?"

"Can ƙasa mana, inda muka yi aiki da sahe. Ruwan kau mai kyau, kamar..."

Bai ƙarasa ba. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Buta ta tsaya a hannunsa a karkace.

Ban taɓa ganin mutum ya yi sauri irin na Dakta ba. Ta tuɓe rigar sanyinta ta jefa a gaban ruwan da ke gangarowa, ta danne da gwiwa. Ruwan ya riga ya sauka daga kan dutsen ya shiga ƙasa, tazarar da ba ta fi kamu ɗaya ba daga bakin ƙoramar. Ta sa hannu biyu ta shiga kwashe ƙasar, da ganye da gansakuka, tana zubawa a buhun leda. Ta ce in tare dutsen da tsumma in goge shi da magani, kada ɗigo ya sauka. Farcenta ya tsage, jini na fita, ba ta ma sani ba. Ta yi ta haƙa har ta kai ga busasshiyar ƙasa.

Ina jiran faɗa. Wallahi da ni ne, da abin da na kwashe ƙuruciyata ina gadi, da Iro ya ji abin da bai taɓa ji ba. Ta miƙe, ta share gumi da bayan hannu, ta dube shi yana tsaye hannuwansa a jiƙe ya rasa inda zai sa su.

"Malam Iro, lokacin sallarka na tafiya," ta ce. "Malam Lawal, kai shi bayan shinge ya wanke hannu da magani. Zan kawo masa ruwa."

Ita ba Musulma ba ce. Amma da kanta ta ɗebo ruwan sama a kofinta, ta sauko da shi har bayan shinge, ta koma ta sake ɗebowa, har muka yi alwala mu biyu. Da muka idar Iro ya je ya tsuguna a gabanta, mutumin da ko hakimi sai ya ga dama yake tsuguna masa.

"Dakta, na kashe maki su?"

"Ban sani ba," ta ce. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Wataƙila mun tare shi, wataƙila ba mu tare ba. Sai damina mai zuwa za mu gani. Kuma laifin ba naka ba ne. Na yi shekaru ina koya wa mutane su wanke takalmi da taya da kofato, ban taɓa tuna buta ba. Rabin mutanen dutsen nan da buta suke yawo. Yau ka nuna mini ƙofar da na bari a buɗe."

Iro, wanda jakarsa ma yaran mota ke ɗaukar masa, shi ya ɗora buhun ƙasar a ka har ruga. Aka zuba ta a tukunya aka tafasa, da rigar Dakta, da butar. Roba ta lanƙwashe ta zama abin tausayi. Ya ɗauke ta ya juya, ya ajiye a gefen murhu, bai ce a ba shi ba. An yanka mana kaza ranar, ko loma bai kai baki ba.

Sauran aikin ya tafi daidai. Ni da Arɗo muka zaɓi inda za a gina wa shanu kwamin sha nesa da kurmin. Amma dawowarmu ba ta yi kama da tafiyarmu ba. Daga Gembu har Kano na yi ta tsokanar Iro, ko sau ɗaya bai rama ba. Taubashin da ba ya ramawa, ai zama da shi azaba ce. A shingayen bincike takardu kawai yake miƙawa.

Rani ya shigo ya wuce. Duk ranar kasuwar Batsari in muka haɗu, kafin ya tambayi iyalina sai ya ce, "Ta kira?" In ce ba ta kira ba. Ya sayi sabuwar buta, amma yaran motarsa sun ce yanzu a famfo ko rijiyar gida kawai yake cika ta. Har ya taɓa sauke wani fasinja don ya jefi kwaɗo da dutse a bakin tafkin Karare, suka yi ta yi masa dariya a tasha.

Bayan ruwa ya zauna bana, muna zaune wajen mai shayin nan da la'asar sakaliya, Iro ya tsaya shan ruwan zafi kafin ya wuce gida, sai wayata ta yi ƙara. Dakta ce. Hoto ya fara shigowa: shingen Arɗo, ga robar magani, ga kuma butoci sababbi a rataye a jikin shingen ta ciki. A ƙasa ta rubuta cewa yanzu kowa yana ajiye tasa a waje ya ɗauki ta sama, kuma mutanen ruga suna kiransu butocin Iro. Ta ce sakamakon gwajin kwaɗin ƙoramar sama ya fito, amma gara mu ji da kunnenmu. Sai saƙon murya.

Na danna. Babu gaisuwa, babu magana. Sai ƙarar ruwa, sannan wani ƙyal-ƙyal-ƙyal siriri, ɗaya, biyu, sai suka ɓarke gaba ɗaya kamar an zubar da kwandon cokula.

Wani a benci ya fara dariya, "Kwaɗi ne suka bugo maka waya, Sarki?" Ba wanda ya taya shi. Iro ya ajiye kofinsa, ya karɓi wayar da hannu biyu ya manna a kunne. Ya juya mana baya, yana fuskantar bangon tasha. Da saƙon ya ƙare bai juyo ba, ya miƙo mini wayar ta baya.

"Suna nan, Lawal," ya ce. "Sake sa mani."